Sitacin Malam Mudi da Tayil ɗin Hanyar Banɗaki

Wata rana, a wata unguwa cikin Funtuwa, tayil ya ɓalle daga bangon gidan wani dattijo ya faɗo ƙasa.

Tayil guda ɗaya tak. Bai ma fashe ba, don a kan wani tsohon buhu ya sauka.

Amma da kun ga yadda Malam Mudi ya tsaya a kansa riƙe da haɓa, sai ku rantse gidan ne gaba ɗaya ya rushe.

Ku bari in gaya muku dalili.

Malam Mudi mai wankin hula ne tun yana saurayi. A zamaninsa, idan ya wanke maka hula ya sa mata sitaci, ko ruwan sama ya taɓa ta ba ta lanƙwashewa. Yanzu tsufa ya zo, baya ya ƙi, 'ya'ya sun sa shi ya rufe rumfarsa ta bakin kasuwa ya dawo gida. Hular kansa kawai yake wankewa, ita ma don kada hannu ya manta.

Matarsa kuwa, Tabawa, ciwon hawan jinin ido ne ya tafi da ganinta a hankali, har ya zamana ba ta bambance rana da dare sai da kiran salla.

Sai dai Tabawa mace ce mai tsare mutuncinta. Tun farkon lalurar ta faɗa wa kowa:

"A ɗebo min ruwa, na gode. A zuba min abinci, na gode. Amma banɗaki, da ƙafata zan je, ba wanda zai riƙe min hannu."

Autarsu Lantana, wadda ke aure a Kaduna, ta so ta ɗauke ta tun lokacin. Tabawa ta ƙi. Malam Mudi ma ya ƙi, ko da yake shi bai iya buɗe baki ya faɗi dalilinsa ba. Kun san mazan da. Mutum ya gwammace ya ce miyar wasu ba ta yi masa daɗi da ya ce ba zai iya zama babu matarsa ba.

Kuma bin ta Kaduna ba magana ba ce. Wane dattijo ne zai tattara komatsansa ya tare a gidan surukinsa?

Da Lantana ta ga ba ta ci nasara ba, sai ta sa aka lulluɓe doguwar katangar tsakar gidan da tayil mai santsi, daga ƙofar ɗaki har ƙarshe, don Inna ta riƙa bin ta da hannu ba tare da siminti ya kuje mata yatsu ba.

Banɗakin yana ɗaya ɓangaren tsakar gidan ne, yana fuskantar wannan katangar. Sai mutum ya bi bango ya kai wajen tsakiya, sannan ya sake shi ya ratsa tsakar gida kai tsaye zuwa ƙofar. Tabawa takan ƙirga layukan tayil da yatsa don ta san inda za ta saki bangon. Wani lokaci ta dace, wani lokaci lissafi ya ɓace mata, ta tsinci kanta a gaban akurkin kaji.

Sai ka ji ta ce, "Malam, ina nake?"

Shi kuma daga kan tabarmarsa ya ce, "Kina gaishe da zakara. Dawo baya kaɗan."

Ranar da Lantana za ta koma, ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, na bar ta don kun fi so haka. Amma wallahi ranar da na ji Inna ta faɗi ko ta ji ciwo a gidan nan, zan zo in tafi da ita. Kada a ce ban faɗa ba."

To, kun ji abin da ya sa tayil ɗaya ya hana Malam Mudi sakat.

Kuma tayil ɗin da ya faɗo, daidai inda Tabawa ke sakin bango yake. Bututun ruwan tanki a bayan wurin ya bi, shi ya sa bangon yake da danshi rani da damina.

Mai hankali zai ce a kira mai tayil, ko ba haka ba?

Akwai shi kuwa. Sadi, wanda ya yi aikin tun farko. Matsalar ita ce Sadi abokin mijin Lantana ne, kuma bakinsa ba linzami. Kafin ya gama kwaɓa gam, labari ya isa Kaduna, an ƙara masa gishiri, an ce katangar ce ke zubewa a kan tsohuwa.

Malam Mudi ya ɗauki tayil ɗin ya juya shi, ya duba bayansa, ya dubi ramin da ya bari a bango. Sai ya yi ɗan murmushi.

"Wannan ai ƙaramin alhaki ne."

An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana tsayar da hula da sitaci, me kuke zaton zai fara faɗo masa a rai?

Da Tabawa ta kwanta hutun azahar, ya lallaɓa madafa ya ɗora ƙaramar tukunya. Ya dama sitacin rogo da kauri, ya jiƙa ƙaro ya zuba a ciki, ya juya har ya yi danƙo. Ya shafe bayan tayil ɗin da kyau, ya manna, ya tokare shi da taɓarya.

Kafin la'asar ya kama. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya gyaɗa kai, ya ce da kansa, "Su Sadi sai tsadar baki."

Bai yi mako ba ya sake faɗowa.

Allah ya taimake shi, bai ɗauke buhun nan daga wurin ba. Tun daga ranar ma sai ya ninka buhun ya tura shi gindin bango, ya zama katifar tayil.

Daga nan fa aka shiga gwaje-gwaje.

Ya tambayi wani a masallaci, cikin dabara, wai wani maƙwabcinsa ne ke da matsalar. Aka ce ya dama fulawa irin ta masu manna fasta a bango. Ya dama. Washegari tururuwa suka yi layi tun daga ƙofar gida, sai ka ce rabon zakka ake yi.

Wani ya ce ya sa gam ɗin nan mai kama yatsa da ake sayarwa a kanti. Ya sa. Gam ya kama yatsunsa biyu ƙam, har sai da ya jiƙa su a ruwan zafi, amma bango ya ƙi.

Wani ya ce ya narka tsohon silifas ya ɗiga. Ya narka. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, Tabawa ta fito tana tari tana cewa, "Malam, taya kake gasa mana yau?"

Ya ce sauro yake kora.

Da rana tsaka.

Ta juya ta koma ɗaki.

Bayan ya zagaya duniya, sai ya dawo gida: sitaci da ƙaro. Shi ne dai yake ɗan daɗewa, kuma shi ne hannunsa ya sani. Ya ma daina jiran tayil ya faɗo. Da ya taɓa ya ji ya fara motsi, sai ya cire shi, ya kankare tsohon, ya shafa sabo.

Ya zama aikinsa. Mutumin da a da ke wuni a kan tabarma yana sauraron rediyo, yanzu yana da abin da ke tashinsa.

Wani abu kuma ya faru da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Tabawa ta daina ɓata hanya. Ta daina gaishe da zakara. Za ta bi bango, ta zo daidai wurin, ta ɗan tsaya, ta saki, ta miƙe sak sai ƙofar banɗaki.

Malam Mudi ya ce a ransa, alhamdu lillahi, ta haddace lissafin. Har a waya ya yi wa Lantana alfahari: "Innarki yanzu ta fi ni sanin gidan nan."

Maganar tayil kuwa, ko da wasa.

Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Wata safiya cikin damina, ruwa ya jiƙa buhun nan sharkaf. Malam Mudi ya ɗauke shi ya shanya a kan igiya, ya ce bari ya je bakin titi ya sayo ƙosai ya dawo.

Yana fita tayil ya saki bango. Wannan karon siminti ya samu, ya tarwatse.

Tabawa ta fito da butarta, ba takalmi, don ta saba tsakar gidanta a share take.

Da ya dawo, a zaune ya same ta a ƙasa, ta naɗe tafin ƙafarta da gefen zani, jini ya ɓata shi. Ledar ƙosai ta suɓuce daga hannunsa.

Abin da ta fara ce masa shi ne, "Kada ka gaya wa yarinyar nan."

Ai kuwa ba sai ya gaya mata ba. Matar da ta zo ta wanke ciwon ta ɗaure, ƙawar Lantana ce tun makarantar firamare. Kafin azahar mota ta tsaya a ƙofar gida.

Lantana ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba. Kuka kawai ta yi, ta kira Sadi a waya.

Sadi ya zo da buhun gam da sabon tayil. Yana fara kankare ramin ya tsaya, ya shinshina, ya ɓalle wani ɓawo ya duba.

"Baba, wannan sitaci nake gani? Ga fulawa kuma. Wannan baƙin fa, roba ce? Baba, bango kake gyarawa ko waina kake toya masa?"

Malam Mudi ya kama hannunsa ya ja shi gefe, ya yafito Lantana. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ku yi min duk faɗan da za ku yi, na cancanta. Amma don Allah kada ita ta ji. Ta yarda da ni ne take taka ƙasar nan ba takalmi."

Ko Sadi, da bakinsa ba ya rufuwa, ya rufe.

Ya gyara bututun da ke tsatsafo da ruwa, ya bar wurin ya sha iska, ya kwaɓa gam na ainihi ya kafa sabon tayil. Aiki ya yi kyau. In ka shafa hannu ba za ka gane inda aka taɓa ba.

Lantana ta zauna jinya har ƙafa ta warke. Sannan ta ce, "Baba, ni ba na son in raba ku. Idan Inna za ta iya zuwa banɗaki ita kaɗai lafiya lau, zan bar ta. Idan ba za ta iya ba, ka yi haƙuri."

Malam Mudi ya ce ya yarda. Hankalinsa kwance, ai ta haddace hanya.

Da hantsi Tabawa ta ɗauki butarta. Ta dafa bango, ta fara tafiya. Shi yana kan tabarma, Lantana tana tsaye a ƙofar ɗaki.

Ta zo daidai sabon tayil ɗin.

Ta wuce.

Ta ci gaba da tafiya har ƙarshen katanga, har gwiwarta ta bugi akurki, kaji suka watse da kuka.

Ta juyo, ta sake bin bangon a hankali, tana ɗaga kai kamar mai sauraron wani abu. Ta sake wucewa. Ta saki bango inda bai kamata ba, ta yi karo da igiyar shanya.

Malam Mudi ya buɗe baki zai ce "hagu kaɗan," Lantana ta dube shi. Ya haɗiye maganar.

A ƙarshe Lantana ce ta je ta riƙe mata hannu ta kai ta. Abin da Tabawa ta ce ba za a taɓa yi mata ba, ga shi an yi, a gaban idonsa, kuma ya san shi ne sila. Ya sunkuyar da kai, hawaye ya zubo masa, bai ko damu ya share ba.

Lantana ta shiga ɗaki ta janyo akwati daga ƙarƙashin gado, ta fara ninke zannuwa.

Tabawa ta dawo ta lalubo gefen tabarmarsa ta zauna. Ana jin ƙarar zif ɗin akwati daga ɗaki.

Can ta ce:

"Malam, ina ka kai min sitacina?"

"Wane sitaci kuma?"

"Wanda kake shafa wa bango in na kwanta. Ido na rasa, Malam, ba hanci ba. Inda na ji ɗan tsaminsa, nan nake sakin bango."

Ya zuba mata ido, baki buɗe.

"Dama kin sani?"

"Tun ranar farko. Tun ina amarya nake wanke warin nan daga rigunanka, yau ne zan kasa gane shi?"

Ya ce, "To me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "In na faɗa ai ka ji kunya ka daina. Ni na samu alamar hanya, kai ka samu abin yi, sai in tona mu? Ciwon ƙafar nan ma ba kai kaɗai ka jawo shi ba. Na san abin yana faɗowa, na yi shiru. Rabonmu ne, ni da kai."

Ashe tun da ta samu abin da hancinta zai bi, sai ta watsar da ƙirga layuka, har lissafin ya fita daga kanta gaba ɗaya. Sadi ya gyara bango tsaf, amma ya kankare mata alamar.

Malam Mudi ya miƙe da saurin da bayansa ya daɗe bai yarda da shi ba. Ya nufi madafa.

Lantana ta leƙo ta ga ya ɗora ƙaramar tukunya. Ta ce, "Baba! Sitaci kuma? Bangon nan fa an gama da shi!"

Ya ce, "Ba na bango ba ne. Na ji jiki, na tuba. Sitaci zai koma aikinsa."

Ya cire hular kansa ya wanke ta tas, ya tsoma ta a sitaci da ƙaro, ya matse. Ya samo ƙusa ya kafa a simintin da ke saman layin tayil, daidai kan sabon nan, daidai tsayin fuskar Tabawa. Ya rataye hular da danshinta.

Sannan ya dawo ya ce, "Tabawa, ko za ki ɗan sake zagayawa?"

Ta ce, "Yanzu na dawo fa."

"Ki je ki duba ko an bar famfo a buɗe."

Ta yi dariya, ta miƙe, ta dafa bango.

Lantana ta tsaya da zani a hannu, ba ta ninke ba, ba ta ajiye ba.

Tabawa na tafe, yatsunta na bin tayil. Ta matso kusa da hular. Ta rage tafiya. Ta ɗan ɗaga kai.

Ta tsaya.

Ta saki bango, ta ratsa tsakar gida kai tsaye, ta ɗora hannu a kan ƙofar banɗaki. Ta juyo inda take zaton suke, ta ce, "Famfo a rufe yake, Malam. Sitacin dai ka cika masa ƙaro."

Lantana ta zauna a bakin ƙofa tana dariya tana kuka. Ta sa Inna ta maimaita, ranar da washegari, har ta gamsu. Sannan ta mayar da zannuwan inda ta ɗauko su, ta tura akwati ƙarƙashin gado, ta koma Kaduna ita kaɗai.

Sai dai da sauran rina a kaba. Hula in ta bushe, ƙamshin sitacinta yakan tafi. Kenan kullum sai an rataye sabuwar wankewa. Malam Mudi kuwa hulunansa ba su da yawa, kuma in ya dinga wanke su kullum za su mutu.

Don haka yanzu, in aka idar da sallar asuba a masallacin unguwar, za ka gan shi a bakin ƙofa yana duban kawunan mutane. Duk wanda ya ga hularsa ta yi dauɗa, sai ya tare shi:

"Malam, wannan hular ba ta dace da kai ba. Kawo ta, gobe ka karɓa."

Kyauta yake wankewa. Mutanen unguwa suna ta sa masa albarka, suna cewa tsohon nan sadaka yake yi da sana'arsa. Ba su san kowace hula sai ta yi wuni guda a kan ƙusa tana nuna wa Tabawa hanya kafin ta koma kan mai ita ba.

Tayil ɗin Sadi yana nan daram, bai ƙara motsi ba. Tabawa kuma har yau ba wanda ya sake riƙe mata hannu.

Darasi:

Sitaci na hula ne, gam na tayil ne. In abu ya lalace a gidanka, musamman inda tsoho ko mai lalura ke bi, kira mai sana'ar ya gyara, kada tsoron maganar mutane ya sa ka yi ta manne-manne har wani ya zubar da jini.

Amma kafin ka gyara wa mutum rayuwarsa, zauna ka tambaye shi da me yake gane hanyarsa. Wataƙila abin da kake shirin kankarewa, shi yake bi.

In kana da tsoho a gida da kake yanke wa hukunci ba tare da ka ji ta bakinsa ba, yau ka je ka tambaye shi. Sannan ka tura wannan ga 'yan'uwanka, musamman mai saurin janyo akwati.